Ina kuɗin tallafin wutar sola da ta iska ke shiga a tsibiran da ke ƙarƙashin manyan ƙasashe?

Tambaya: Ana yawan jin cewa Amurka ko Faransa ko Tarayyar Turai sun ware maƙudan kuɗi domin wutar sola da ta iska a tsibiran da ke ƙarƙashinsu, irin su Puerto Rico da Guam da Reunion. Ga rana, ga iska, ga kuɗi. To me ya sa har yau yawancinsu mai suke ƙonawa? Ta wace hanya kuɗin ke zuwa, kuma a ina aikin ke lalacewa?

Amsa: Kuɗin suna zuwa, Malam, wani lokaci ma da yawan gaske. Abin da ke faruwa shi ne sun fi sauka a kan abin da ke da sauƙin saye da sauƙin nunawa a hoto, wato farantan sola, alhali abin da ya ɗaure tsibiri da dizal yana wani wuri dabam. Yana cikin batir, da na'urorin da ke riƙe daidaiton layi, da turakun da guguwa ke kayarwa, da ma'aikatan da za su kula da kayan, da kuma kamfanin wutar da bashi ya yi wa katutu.

A fara da lissafin dizal, domin shi ya sa kowa ke sha'awar zancen. Janareta mai lafiya yana ba da kilowat-awa 3.5 zuwa 4 daga lita ɗaya. In litar ta sauka tsibiri a kan dala ɗaya bayan an biya jirgin ruwa da wurin ajiya, to man kaɗai ya ci santi 25 zuwa kusan 29 a kowace kilowat-awa, tun ba a taɓa albashi ko gyaran inji ba. A Tsibiran Virgin na Amurka, inda duk man da ake ƙonawa shigo da shi ake yi, magidanci kan biya wajen santi 40, fiye da ninki biyu na abin da aka saba biya a babban yankin Amurka. Shi kuwa megawat ɗaya na sola a ƙasa mai zafi yana samar da megawat-awa 1,500 zuwa 1,700 a shekara, wanda ke maye gurbin dizal wajen lita 400,000. A takarda aikin yana biyan kansa cikin 'yan shekaru. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ita ce: tunda yana biyan kansa, me ya hana 'yan kasuwa yin sa da kuɗinsu?

Abin da ya hana su shi ne tsoron mai saye. A tsibiri mai sayen wuta ɗaya ne tak, kamfanin wutar wurin, kuma da yawansu hannu baka hannu ƙwarya suke. PREPA, hukumar wutar Puerto Rico, ta shiga shari'ar fatara a watan Yulin 2017 da bashin kimanin dala biliyan 9 a wuyanta, watanni biyu kafin guguwar Maria ta iso. Duk bankin da zai ba da rance ga tashar da za ta sayar wa irin wannan hukuma wuta na shekara 20, dole ya tsawwala kuɗin ruwa. Dubi yadda wannan ke sauya farashi. Mu ƙaddara tashar megawat ɗaya ta ci dala miliyan 2, tana ba da megawat-awa 1,600 a shekara, za a biya bashinta cikin shekara 20. In kuɗin ruwa kashi 4 cikin ɗari ne, biyan bashin zai ci wajen santi 9 a kowace kilowat-awa. In kashi 12 ne, ya kusa santi 17. Farantan ba su canja ba, ranar ba ta canja ba, amma wutar ta kusa ninka tsada. Wannan ne ya sa a manyan tsibirai lamunin gwamnati ya fi kyautar kuɗi tasiri. A 2024 Ma'aikatar Makamashin Amurka ta tsaya lamunin rancen dala miliyan 861 ga wani aiki a Guayama da Salinas na Puerto Rico, mai sola megawat 200 da batir megawat 285. Ba kyauta aka yi ba, amma an cire tsoron daga farashin.

Akwai kuma matsalar matsayi, wadda mutane da yawa ba su lura da ita. Ƙasar tsibiri mai 'yancin kanta, irin su Fiji ko Barbados, tana iya zuwa Bankin Duniya ko asusun sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da sunanta. Yankin da ke ƙarƙashin wata ƙasa ba shi da wannan ƙofar, domin a idon duniya shi ɓangaren ƙasa mai arziki ne. A gida kuma ba shi da cikakkiyar murya: wakilan Puerto Rico da Guam da Samoa ta Amurka suna zama a Majalisar Wakilan Amurka, amma ba su da ƙuri'a a zartar da doka. Bayan guguwar Irma a 2017, Birtaniya ta tarar cewa kuɗin da za ta kashe a Anguilla da Tsibiran Virgin na Birtaniya da Turks da Caicos ba za su shiga lissafin agajin raya ƙasa ba, wai kuɗin shigarsu ya yi yawa, alhali Montserrat da Saint Helena suna cikin jerin waɗanda suka cancanta. A Tarayyar Turai ma gida biyu ne. Yankuna irin su Reunion da Guadeloupe da Azores da tsibiran Kanari ɓangaren Tarayyar ne, suna cin asusun raya yankuna, wanda ke iya ɗaukar har kashi 85 cikin ɗari na kuɗin aiki. Su kuwa irin su Aruba da New Caledonia da Greenland ba sa ciki. Nasu wani asusu ne dabam na yuro miliyan 500 na shekarun 2021 zuwa 2027, kuma kusan rabinsa na Greenland ne. Don haka kafin a ce tsibiri kaza ya yi sakaci, a fara duba wace ƙofa ce ma a buɗe gare shi.

A ɓangaren Amurka, kuɗin da aka tsara musamman domin makamashin yankunan ƙanana ne. Ofishin kula da tsibirai na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida yana raba tallafin makamashi kowace shekara ga Guam da Samoa ta Amurka da Arewacin Mariana da Tsibiran Virgin, kuma jimlarsa ba ta kai dala miliyan 20 ba. Ya isa a ɗora sola a rufin asibiti ko a sauya fitilun titi, bai isa a sauya tsarin wutar tsibiri ba. Manyan kuɗi sai bayan bala'i suke zuwa. Maria ta afka wa Puerto Rico ranar 20 ga Satumban 2017, aka shafe kusan wata 11 kafin wuta ta koma wa kowa. A 2020 hukumar agajin gaggawa FEMA ta amince da kimanin dala biliyan 9.6 domin sake gina layukan, ma'aikatar gidaje ta ƙara biliyan 1.9. Da jin wannan adadi sai mutum ya ce an gama. Amma kuɗin FEMA ba a hannu ake miƙa su ba. Ka fara yin aiki da kuɗinka, ka kawo takardu, a maida maka. Sannan kashi 10 cikin ɗari naka ne ka kawo. Kowane aiki, ko tashar rarraba wuta guda ce, sai ya bi ta zane da ƙiyasin kuɗi da binciken muhalli da na wuraren tarihi, kowanne da watanninsa. Hukumar da ke gaban kotun fatara ina za ta samo kuɗin fara aiki? Tafiyar hawainiyar da aka yi ta kai ga a 2022 aka fito da tsarin ba da kashi 25 cikin ɗari tun kafin a fara. Ƙananan yankuna huɗun suna da ɗan sassauci a doka: ana yafe musu kason da ya kamata su kawo in bai kai dala 200,000 ba. Ga babban aiki wannan bai taka kara ya karya ba.

Wani abin da ke tattare da kuɗin bala'i shi ne asalinsu na maida abu yadda yake ne. Dokar kasafin 2018 ta ba Puerto Rico da Tsibiran Virgin damar gini a kan ma'aunin zamani ba tare da duba halin da kayan ke ciki kafin guguwar ba, kuma hakan ya taimaka. Duk da haka tsarin ya fi karkata ga sake kafa abin da aka sani. A Puerto Rico manyan tashoshin suna kudu, masu amfani da wutar sun fi yawa a arewa wajen San Juan, layukan kuma sai sun ƙetare duwatsu. In aka sake gina wannan tsari da turaku masu ƙarfi an rage haɗari, amma ba a taɓa tushensa ba, kuma guguwar Fiona ta nuna haka a Satumban 2022 lokacin da tsibirin gaba ɗaya ya sake faɗawa duhu.

Rangwamen haraji, wanda ya kasance ginshiƙin tallafin sola a babban yankin Amurka kafin a fara janye shi a 2025, bai cika aiki a can ba. Rangwame yana amfanar wanda ake bin haraji ne, su kuwa mazauna Puerto Rico galibi ba sa biyan harajin tarayya a kan abin da suka samu a cikin tsibirin. Abin da ya biyo baya shi ne kamfanoni ke mallakar kayan su ba magidanci haya, su ci rangwamen. Gidajen da suka haɗa sola da layin sun haura 100,000, yawancinsu da batir, kuma akasari da bashi ko haya aka yi, ba da tallafi ba. Wanda ba shi da halin cin bashin, ko takardun gidansa ba su cika ba, an bar shi a baya, kuma irinsa ne ya fi daɗewa a duhu bayan guguwa. Wannan giɓi ne Majalisar Dokokin Amurka ta so cikewa a Disambar 2022 da dala biliyan 1 domin gidajen marasa ƙarfi da na masu dogaro da na'urorin jinya.

Faransa ta bi wata hanya dabam. Mai gida a Reunion ko Martinique yana biyan farashin wuta daidai da na mai gida a Paris, duk da cewa samar da ita a tsibirin ya ninka tsada, gwamnati kuma ta cike bambancin, abin da ke cin sama da yuro biliyan 2 a shekara. Sifaniya ma haka take yi wa tsibiranta, rabi daga kasafin ƙasa, rabi daga kuɗin masu amfani da wuta. A fuskar adalci wannan abu ne mai kyau, kuma bai kamata a raina shi ba. Amma yana da illa: tunda farashin da mutum ke gani ba ya nuna tsadar man, ba abin da ke tura shi ya rage amfani ko ya sa sola. Ita gwamnatin da ke biyan bambancin ce ke da riba in aka rage ƙona mai. Hukumar kula da makamashi ta Faransa ta gane haka, shi ya sa daga 2019 take amfani da wannan asusu wajen tallafa wa rufin da ke hana zafi shiga, da na'urar dumama ruwa da rana, da na'urar sanyaya ɗaki mai cin wuta kaɗan. A ra'ayina wannan yana cikin mafi hikimar kashe kuɗin da ake yi a tsibirai, domin kilowat-awar da ba a nema ba ba ta buƙatar faranti ko batir. Inda nake da ja shi ne yadda Reunion ta cika alƙawarin barin kwal da baƙin mai a 2023 da 2024: an sauya tashoshin su riƙa ƙona dunƙulen katako da man tsirrai, waɗanda akasarinsu a jirgin ruwa ake kawo su. A ƙididdiga makamashin ya zama mai sabuntawa, amma ta fuskar dogaro da jirgi an gudu ba a tsira ba.

Yanzu sai ainihin inda aikin ke tsayawa, wato layin kansa. Wutar layi tana bugawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, kuma dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake ja a kowane lokaci. A babbar ƙasa in tasha ɗaya ta faɗi, ɗaruruwa suna nan su tare. A ƙaramin tsibiri injuna huɗu ko biyar ne ke riƙe da komai, kuma nauyin ƙarfen da ke juyawa a cikinsu shi ke hana bugun faɗuwa farat ɗaya. In gajimare ya rufe ƙaramar tashar sola, wutar da take bayarwa na iya faɗuwa da fiye da rabi cikin minti guda. Dole janareta ya kasance a kunne yana jira. Shi kuma janaretan dizal ba ya son a bar shi ƙasa da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfinsa. In aka daɗe a haka man ba ya ƙonewa sosai, baƙin maiƙo ya taru a bututun hayaƙi, injin ya lalace da wuri. Ka ga an kafa wa sola iyaka: duk abin da ya wuce ragowar da janareta ya bari, zubar da shi za a yi.

Saboda haka ne Faransa ta kafa doka a 2008 cewa in wutar rana da iska ta kai kashi 30 cikin ɗari na abin da ake ja a lokaci guda, mai kula da layi yana iya cire tashoshin. PREPA kuma ta shar'anta cewa wutar tasha kada ta hau ko ta sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a minti, sharaɗin da ba ya cikuwa sai da batir. A aikace matakai uku ne. Daga farko har zuwa kashi 10 ko 15 cikin ɗari na wutar shekara, ka kafa farantai kawai, janareta ya rage shan mai. Daga nan zuwa kusan rabi, sai da batir mai saurin amsawa da kwamfutar da ke ba janareta da sola da batir umarni tare. In kuma ana so a kashe janareta gaba ɗaya da rana, sai an sa inbata, wato na'urar da ke juya wutar faranti da batir zuwa irin ta layi, kuma mai kafa layi. Inbata ta yau da kullum tana bin bugun da ta tarar ne, in babu shi ta mutu. Mai kafa layi ita ke samar da bugun da kanta, sauran su bi ta. Sai kuma a sake saita na'urorin kariya, domin inbata ba ta iya tura wuta mai yawa lokacin da waya ta haɗu kamar yadda janareta ke yi, kuma in ba a gyara saitin ba na'urar da ya kamata ta katse layin da ya lalace ba za ta ma san an samu matsala ba. Waɗannan kaya ba sa samar da kilowat-awa ko ɗaya da za a sayar, don haka ɗan kasuwa ba zai saye su da son ransa ba. Nan ne gurbin kuɗin gwamnati na gaskiya.

Sint Eustatius, ƙaramin tsibirin Holan a Karibiyan mai mutane kimanin 3,000, ya bi wannan tsari daki-daki da kuɗin ma'aikatar tattalin arzikin Holan. A 2016 aka fara da sola kusan megawat 2 da ƙaramin batir domin tare gajimare. A 2017 aka kai megawat 4.15 da batir megawat-awa 5.9 tare da inbata masu kafa layi, daga nan aka fara kashe janareta da rana tsaka, sola ta riƙa ɗaukar kusan rabin wutar shekara. Guam ma, bayan tashar Dandan ta megawat 25 ta fara jijjiga layin, sai da ta kafa batura na megawat 24 a Hagatna da 16 a Talofofo kafin tashar Mangilao mai megawat 60 ta shigo a 2022.

Rabin farko na wutar shekara ke nan. Rabin ƙarshe ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, kuma a nan ake yawan yin alƙawarin da ya fi ƙarfin kayan. Tsibirin El Hierro na Sifaniya ya buɗe tashar Gorona del Viento a 2014: injinan iska biyar masu jimlar megawat 11.5, suna tura ruwa zuwa tafki a kan dutse, in iska ta kwanta a sako ruwan ya juya injin megawat 11.3. Aikin ya ci kimanin yuro miliyan 80, gwamnatin ƙasa ta ba da 35. An tallata shi a kan cewa tsibirin zai rabu da dizal, kuma a bazarar 2019 ya yi sama da mako uku a jere ba a ƙona mai ba. Amma a lissafin shekara wajen rabi yake bayarwa. Iskar wurin ta lokacin zafi ce, tana rauni a kaka, ajiyar ruwan kuma ba ta wuce ta wajen kwana biyu ba. Aikin bai gaza ba. Ma'aunin da aka ɗora masa ne bai dace da girman ajiyarsa ba. Tsibirin Ta'u na Samoa ta Amurka ya kusa kai wa ga cikakken rabuwa da dizal a 2016 da farantai 5,328, megawat 1.4, da batir megawat-awa 6, a kan kimanin dala miliyan 8 daga hukumomin tarayya da na yankin. Mutanensa kusan 600 ne, wato sama da dala 13,000 a kan kowane mutum. Ga wurin da jirgin mai kan yi jinkiri har a shiga rabon wuta, kuɗin sun cancanta. Amma in ka ɗora wannan ma'auni a kan mutum miliyan 3.2 na Puerto Rico ka haura dala biliyan 40.

Sai guguwa da gishiri. A 2017 tashar sola ta Humacao da injinan iska na Punta Lima a Puerto Rico sun ragargaje, haka tashar Estate Donoe a Saint Thomas, yayin da wasu tashoshi a yankin suka tsira da ƙaramar ɓarna. Cibiyar Rocky Mountain ta binciki bambancin a 2018, kuma abin da ta gano ƙananan abubuwa ne. Inda aka danne farantai da maɗauri daga sama, kowane maɗauri yana riƙe da faranti biyu, in ɗaya ya fita na kusa da shi ya saki, layin gaba ɗaya ya bi. Notin da ba a ɗaure da ma'auni ba, girgizar iska ta sa'o'i tana kwance shi. Ƙarafan da ba su da maƙarin gefe suna lanƙwashewa. Maganin shi ne a huda ƙusa ta ratsa bakin farantin da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, a sa noti mai kulle kansa, a zaɓi faranti mai jure matsin iska har faskal 5,400 a ma'aunin matsi, a kuma sa wani dabam ya bi ya gwada ɗaurin kafin a karɓi aiki. Duk wannan yana ƙara wajen kashi 5 cikin ɗari ne a kan kuɗin ginin. In dokar tallafi ta ce a ba mafi arha kwangila ba tare da rubuta waɗannan sharuɗɗa ba, ɗan kwangilar da ya yi niyyar aikin ƙwarai shi zai faɗi. A wasu tsibiran Faransa an zaɓi injinan iska masu fiffike biyu na kilowat 275 waɗanda ake kwantarwa ƙasa a ɗaure in guguwa ta doso. Shi kuwa gishirin teku a hankali yake ci: sai da ƙusoshin ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, da farantan da suka ci gwajin hazon gishiri, da akwatin inbata mai rufi, da kuma raba alminiyam da ƙarfe kada su taɓa juna su haifar da tsatsa. Magudanar ruwa ma ba abin wasa ba ce. A 2021 ruwan sama ya kwashi laka daga filin da ake share wa tashar Mangilao ya zuba cikin kogon Marbo mai ruwan daɗi, abin ya kai ga tara da shari'a.

Kusan duk tallafi na gini ne, ba na kulawa ba, kuma wannan ne ke kashe ayyuka a ɓoye. Faranti yana kai shekara 25 zuwa 30. Inbata da batirin litiyam 10 zuwa 15 suke yi, zafi kuma yana rage musu kwana. Tokelau, yankin Niyu Zilan mai ƙananan tsibirai uku, ya yi suna a 2012 da farantai 4,032 da batura 1,344 na dalma, da kuɗin da Niyu Zilan ta bayar. Da wuta ta samu dare da rana mutane suka ƙara kayan lantarki, baturan suka tsufa, janareta ya dawo aiki, kafin shekara goma sai da aka sake nemo kuɗin faɗaɗa tashoshin da sauya batura zuwa na litiyam. Abin da ya kamata a yi tun ranar farko lissafi ne mai sauƙi. Misali, in sauya batir zai ci dala miliyan 2 bayan shekara 12, tashar kuma tana sayar da megawat-awa 2,000 a shekara, to a ware sama da santi 8 daga kowace kilowat-awa a asusun da ba a taɓawa. Shugabanni sun fi son su rage farashin wuta nan take su ce ga amfanin sola, kuma ana iya fahimtarsu, amma kuɗin man da aka daina saye su ne kuɗin batirin gobe. A ƙara da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na kuɗin ginin kowace shekara domin kulawa, da kayan gyara a ajiye a tsibirin, domin ƙaramin allon inbata da ya ƙone yana iya tsayar da tasha wata biyu in sai an jira jirgi. Ga Puerto Rico ma dokar Jones ta 1920 ta wajabta cewa kayan da aka ɗauko daga tashar jiragen Amurka sai a jirgin Amurka, dokar da ba ta hau kan Tsibiran Virgin da Samoa ta Amurka ba.

Hukumar da ke shirin neman irin wannan tallafi, jerin aikinta ya kamata ya fara daga awo. A samu bayanin wutar da ake ja na shekara guda cur, kowane minti 15 ko ƙasa da haka, tare da awon rana da iska a filin da za a yi ginin. A gano wutar da ke ɓacewa a layi da wadda ba a biya, a toshe, don ba hikima ba ce a sayi batir domin wutar da ke zuba. Sannan a yi nazarin daidaiton layi, wanda zai faɗi girman batir da irin inbatar da ake buƙata. Ma'aikatar Makamashin Amurka tana da shirin da ta fara a 2021 na tura ƙwararrun cibiyoyinta su yi wa tsibirai irin wannan nazari, kuma takardar da ke fitowa daga nan ita ke ƙarfafa neman babban tallafi. Batun fili a warware shi da wuri: megawat ɗaya yana cin hekta ɗaya zuwa biyu, a Samoa ta Amurka da Tokelau kuma yawancin ƙasa ta dangi ce, ba a mallakarta da sa hannun mutum ɗaya. Bayan haka ne ake fitar da kwangila, da horar da ma'aikatan wurin a cikinta, da riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har tashar ta yi shekara tana aiki.

A kuma yi hanzarin ɗaure kuɗin da kwangila, domin tallafin da ba a kashe ba yana hannun siyasa. A 2025 gwamnatin Amurka ta karkatar da dala miliyan 365 daga asusun Puerto Rico na biliyan 1, daga sola da batir na cibiyoyin lafiya da gidajen jama'a zuwa gyaran layi da tashoshi, ta kuma soke shirin sola na dala biliyan 7 na hukumar kare muhalli wanda yankunan ke da kaso a ciki. A shekarar ce majalisar Puerto Rico ta cire matakan kai makamashi mai sabuntawa kashi 40 a 2025 da kashi 60 a 2040 daga dokarta ta 2019, ta bar burin kashi 100 a 2050, ta kuma tsawaita ƙona kwal zuwa 2032. Shi ya sa masu tsara aiki ke raba shi gida-gida yadda kowane mataki zai tsaya da ƙafarsa: in kuɗin mataki na biyu bai zo ba, na farko ya ci gaba da rage shan mai, kuma a bar gurbi a fili da tiransifoma da ɗakin batir domin ranar da za a ƙara.